Guzurin mai fita daji da keke mai giya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da mai karatu zai iya ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa shi ya sa ni tura keke a cikin rairayi har na kusan awa uku, da furfurata da komai, rana tana dukan ƙeyata.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a Daura da Katsina, kuma mafi yawan waɗanda ake saye yanzu ba irin Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau ba ne. Kekuna ne masu giya da kaurin taya, akasarinsu na gwanjo, waɗanda asali an ƙera su ne domin hawan duwatsu. Wasu matasa ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka suka fara wannan wasa a shekarun 1970, suna gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekunan da suka yi wa kwaskwarima, a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper a kasuwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta. Na kawo wannan tarihi ne domin a gane cewa yawancin shawarwarin da yaranmu ke kallo a waya game da abin da za a ɗauka idan za a fita, an tsara su ne domin mutanen da ke fama da sanyi da ruwan sama da dogayen tsaunuka. Mu a nan ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce, abin da muke fama da shi ƙaya ne da rairayi da zafin rana, sai kuma kwazazzabai da damina ke bari a kan burtali, da 'yan duwatsun da mutum zai tarar idan ya nausa wajen Mani, inda kusheyin Durɓi ta Kusheyi suke.

Ni likita ne ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini, shi ya sa na shiga cikin wasu matasan unguwarmu da ke fita bayan gari da sassafe ranar Asabar. Wata Asabar a cikin watan Maris na fita ni kaɗai, na nufi wajen madatsar ruwa ta Daberam ta hanyar gonaki, ba ni da komai a jikina sai gorar ruwa da waya da 'yan kuɗi a aljihu, domin na girma da sanin cewa babu ƙauyen da za ka shiga a ƙasar Hausa ka rasa mai faci a gindin bishiya. A kan hanyar dawowa tayar baya ta sace. Na tura keken har wani ƙauye, na kuwa tarar da mai facin a inda na zata, a gindin dalbejiya, da kwanon ruwansa da famfonsa da tsofaffin tayoyi rataye a reshe. Dattijo ne mai fara'a. Ya cire tif ɗin cikin ƙwarewa, ya zo zai hura shi domin ya nemo hujin, sai ya tsaya yana jujjuya bawul ɗin a tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Alhaji, wannan wane irin bawul ne, siriri kamar tsinken tsire?" Ya gwada bakin famfonsa na keke, bai kama ba. Ya aika yaro ya aro na masu babur, shi ma bai kama ba. Ya naɗa tsumma, ya naɗa roba, iska tana ta fita ta gefe. Da na ce to ya sa mini sabon tif, sai ya ɗauko na Raleigh, wanda kaurin bawul ɗinsa ya ƙi shiga hujin rim ɗina. A ƙarshe ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan doki naka ba irin na bargarmu ba ne." Ya ƙi karɓar ko sisi, ya sa aka kawo mini ruwan randa, na kama hanya da ƙafa.

A cikin wannan tafiya ta ƙasa ne na gane inda kuskurena yake. Mai facin bai gaza a sana'arsa ba, ya fi ni sanin taya nesa ba kusa ba. Keken ne ya sauya, kayan aikin da ke ƙauyukanmu kuwa suna nan yadda suke tun zamanin da. Saboda haka ma'aunin da nake bi yanzu wajen haɗa guzuri guda ɗaya ne: duk abin da na san zan samu a wurin mai faci ko bakanike na ƙauye, ba na damuwa da ɗaukarsa sosai, amma duk abin da kekena kaɗai ke buƙata, wanda ba a sayar da shi sai a birni, to wannan ba ya rabuwa da ni.

Bari in fara da bawul ɗin da ya kunyata ni. Iri uku ne ke yawo a kekunanmu. Akwai na tsofaffin kekuna mai 'yar roba a ciki, wanda ake kira Dunlop, akwai mai kauri irin na mota da babur, wato Schrader, sai kuma siririn nan mai ɗan noti a kai da ake warwarewa kafin a hura, wato Presta, wanda kaurinsa milimita 6 ne, na mota kuwa kusan 8. Kekunan daji masu ɗan tsada kusan duk da siririn suke zuwa. Maganin abin wani ɗan ƙarfe ne na tagulla da bai kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, wanda ake ɗaurawa a kan siririn bawul ya mayar da shi irin na mota, ta yadda duk mai faci da ke bakin titi zai iya hura maka. Nawa a kan bawul ɗin tayar gaba nake barinsa a ɗaure domin kada in manta da shi. Abin lura kuma shi ne tif mai siririn bawul yana shiga rim mai faɗin huji, amma mai kaurin bawul ba ya shiga rim mai ƙaramin huji, don haka idan ƙungiya ce ta fita, wanda ke ɗauke da tif mai siririn bawul shi ne zai iya ceton duk wanda girman tayarsu ya zo ɗaya.

Girman taya ma yana da nasa ruɗanin. Kekunan daji suna zuwa da inci 26, ko 27.5, ko 29, kuma lambar tana rubuce a gefen taya. Abin da ya ba ni mamaki da na bincika shi ne, tayar da ake kira 29 rim ɗinta milimita 622 ne, alhali na tsohuwar Raleigh da ake kira 28 milimita 635 ne, wato 28 ɗin ta fi 29 girma. Na 26 kuwa 559 ne, na 27.5 kuma 584. Don haka kada mutum ya dogara da lissafin inci ya ce wannan ya yi kusa da wancan, ya duba lambar milimitar da ke jikin tayarsa, ya rubuta ta a wayarsa. Ni tif biyu nake ɗauka, kowanne na yayyafa masa hoda na naɗe shi a cikin tsohuwar safa, saboda tif ɗin da aka jefa tsirara a jaka tare da ƙarafa yakan goge har ya huje kafin ranar buƙatarsa ta zo, kuma babu takaicin da ya kai ka ciro sabon tif a daji ka tarar shi ma yana buƙatar faci.

Dalilin ɗaukar biyu shi ne ƙaya. Wanda bai taɓa bin burtali da keke ba zai ɗauka ƙarangiya ce abokiyar gaba, alhali ita wando da safa kawai take addaba. Mai ɓarna ita ce tsidau, wadda ke shimfiɗe a ƙasa a gefen hanya da fako, ƙwayarta kuma duk yadda ta faɗi sai ƙaya ɗaya ta kalli sama, har Amurkawa ma sunan da suka ba ta yana nufin mai huda taya. Sai ƙayar aduwa, doguwa mai ƙarfi kamar ƙusa, da ta bagaruwa da farar ƙaya da magarya, musamman inda manoma suka sare rassa suka yi shinge, ko inda makiyaya suka sassabe gawo domin dabbobi suka bar ragowar a kan hanya. Idan ka bi ta kan tsidau, da wuya huji ya zama ɗaya, kuma da wuya taya ɗaya ta sha. Abin da matasa suka fi mantawa da shi cikin gaggawa shi ne laluben cikin taya kafin a mayar da tif. Ƙayar da ta huda na farko tana nan maƙale tana jiran na biyu. A bi cikin tayar a hankali da tsumma, inda ya sarƙe nan take, sannan a zare ta da ɗan hantsaki ko allura, domin ƙayar tsidau takan karye ta bar kanta a cikin roba yadda farce ba zai kama ta ba.

Bayan tif sai kayan faci: 'yan faci shida ko takwas, da guntun sanfefa, da sholisho. A nan ma akwai tarko, domin sholishon da aka riga aka buɗe ba ya daɗewa a zafin ƙasarmu, za ka ga bututunsa a cike, ka matsa, iska ce kawai ke fita. Ina duba nawa duk wata, kuma ina ajiye wanda ba a huda ba. Yadda ake facin kuwa kowane yaro ya gani, amma kaɗan ne ke da haƙurinsa: a kankare wurin fiye da faɗin facin, a shafa sholisho kaɗan, a jira kamar minti biyar har ya daina sheƙi, sannan a manna a danne sosai. Wanda ya manna tun yana danye zai sake zama a gindin bishiya ta gaba. Haka nan a ɗauki 'yan cokulan roba guda biyu na ɓamɓare taya. Sukundireba da wutsiyar cokalin ƙarfe da muka saba da su suna cizon tif, suna kuma yi wa rim na alminiyam rauni.

Famfo kuwa a sayi wanda bakinsa ke kama bawul iri biyu, kuma mai kaurin jiki, domin tayar daji yawan iska take so, ba tsananin matsi ba. Wannan ya kawo ni ga wata al'ada da ya kamata mu bari, ta cika taya har ta yi tauri kamar dutse, a ɗan ƙwanƙwasa a ji tana ƙara. Tayar daji tsakanin 25 da 35 a gejin mai faci ta ishi yawancin mutane, gwargwadon nauyinsu, kuma a cikin rairayi rage iska ne ke sa ta yi faɗi ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Sai dai idan aka rage fiye da kima aka daki dutse ko bakin kwazazzabo, rim zai matse tif ya yi masa huji biyu a jere kamar saran maciji. Wanda ke da famfonsa yana iya ragewa a rairayi ya ƙara idan ya fito marmara, wanda ba shi da shi kuwa sai yadda hanya ta yi da shi.

Wani lokaci tayar ce da kanta ke tsagewa a gefe, ko da kututturen dawa bayan girbi ko da kaifin dutse, tif ya leƙo ta wurin kamar ƙari. Ana toshe wannan da wani abu mai tauri a shimfiɗa daga ciki. A ƙasashen waje suna ba da shawarar a ninke takardar kuɗi a sa, na kuma ji wani yaro yana cewa ai naira hamsin ta leda ta fi dacewa da wannan aiki. Ina jan hankalinsa cewa sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, hukuncinsa kuma ɗauri ne da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira dubu hamsin ba, ko duka biyun. Guntun tsohuwar taya da aka yanke wa gefe, ko bututun man goge baki da aka tsaga aka wanke, ya fi kuɗin aiki, kuma babu wanda zai tuhume ka a kansa.

Wasu daga cikin matasanmu sun koma taya marar tif, wadda ake zuba wa wani farin ruwa mai kama da madara da ke toshe huji da kansa. A ƙasar tsidau wannan babbar ni'ima ce, na ga tayar da aka zare wa ƙaya fiye da goma ba ta sace ba. Amma ruwan yana bushewa a cikin 'yan watanni, a bazararmu ma ya fi saurin bushewa, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Mai irin wannan taya shi ma dole ya ɗauki tif, ya kuma sani cewa ranar da zai sa shi sai ya zauna ya tsince duk ƙayoyin da tayar ta haɗiye tun watannin baya, in ba haka ba sabon tif ɗin ba zai kai shi ko'ina ba.

Idan aka bar taya, sai maganar sukurori. Tsohon keke da sufana da filaya da guduma ake gyara shi kaf. Keken daji kuwa kusan duk sukurorinsa masu rami ne mai kusurwa shida, waɗanda sai da alanki, kuma lamba 4 da 5 da 6 su ne suka fi aiki, a sirdi da kan keke da birki, wasu fedoji kuma 8 suke so. Sukurori shida da ke riƙe da faifan birki kuwa bakinsu kamar tauraro yake, mabuɗinsu shi ne T25, wanda ko a wurin bakaniken babur na birni ba kullum ake samunsa ba. Ana sayar da su duka a haɗe a abu ɗaya mai naɗewa kamar wuƙar aljihu, a nemi wanda ke da abin yanke sarƙa da na ɗaure wayoyin ƙafa a jikinsa, a kuma guji na banza mai taushin ƙarfe da ke cinye kan sukuru. Shawarata ita ce mutum ya zauna a tsakar gida ya bi kekensa sukuru bayan sukuru da wannan abu, ya tabbatar kowanne yana da mabuɗinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawa daga kekunan gwanjo masu araha ƙafafunsu da noti aka ɗaure su, ba da ɗan hannun nan da ake buɗewa ba, mai irin wannan keke idan ba shi da sufana lamba 15, to tif goma ma ba su da amfani a gare shi, tunda ba zai iya cire ƙafar ba.

Sarƙa ita ce ta biyu wajen yawan ajiye mutum a hanya, kuma mu muke jawo wa kanmu rabin matsalar da baƙin mai. Baƙin man inji yana kama rairayi ya zama kamar sanfefa mai ruwa, ya cinye sarƙa da haƙoran giya cikin ɗan lokaci. Mai marar kauri ake so, ko da na keken ɗinki ne, a ɗiga kaɗan a goge ragowar da tsumma. Idan sarƙa ta tsinke, mai gyaran keke na ƙauye zai ɗora ta a kan noti ya buga ƙusar da guduma, kuma wannan dabara tana aiki a kan sarƙar Raleigh mai kauri. Sarƙar keke mai giya 9 ko 10 ko 11 ko 12 kuwa siririya ce, an tauye bakin ƙusoshinta tun daga masana'anta, wadda aka fitar aka mayar ba ta sake kamawa yadda ya kamata, sai ta bari ka miƙe tsaye a kan feda kana hawan gangare sannan ta saki. Abin da ake buƙata shi ne mahaɗin sarƙa, 'yan ƙarafa biyu masu shiga juna da hannu, kuma kowace sarƙa da nata. A ƙirga faya-fayan haƙora da ke ƙafar baya, idan tara ne a sayi mahaɗi na tara. Guda biyu nake ɗauka, na manne su da salatif a ƙarƙashin sirdi, saboda idan suka faɗi a cikin yashi sai dai a yi musu addu'a.

Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da mutane da yawa ba su san da zamansa ba sai ranar da ya karye. Shi ne wanda macanjin giya na baya ke rataye a jikinsa. Da gangan aka yi shi da taushin alminiyam, domin idan keke ya faɗi ta dama ko kara ya shiga tsakanin wayoyi, shi ya lanƙwashe ko ya karye a madadin jikin keken. Wahalarsa ita ce kusan kowane samfurin keke da siffar nasa, iri-irinsu sun kai ɗaruruwa, don haka ko a Kano sai an sha yawo kafin a dace. Duk wanda ya sayi keke mai daraja ya ɗauki hoton nasa tun yana lafiya ya sa a nemo masa na ajiya. Idan kuma ya karye babu wani, akwai dabarar komawa gida: a cire macanjin gaba ɗaya, a rage tsawon sarƙa, a ɗora ta a kan faifai ɗaya na tsakiya inda ta miƙe sosai, keken ya koma marar giya kamar na da. Na ga wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya yi wannan a bakin wani kwazazzabo cikin minti ashirin, muna tsaye a kansa muna ba shi shawarwarin da bai nema ba. Wannan dabara ta fi dacewa da keken da ba shi da sifirin a baya, domin mai sifirin tsawon sarƙarsa yana sauyawa duk lokacin da ya dunƙule.

Game da birki, abin da zan faɗa gargaɗi ne fiye da kaya. Birki mai faifai ba ya son mai ko kaɗan, ko na yatsa ne, kuma idan irin wanda ke aiki da man birki ne maimakon waya, kada a matsa hannunsa alhali an cire ƙafa, domin takalman za su haɗe su hana faifan komawa. Mafi muhimmanci, kada a bari wani mai kyakkyawar niyya ya zuba man birkin mota a birkin Shimano, wanda nasa man daban ne, na motar yana lalata robobin da ke ciki. Takalman birki guda biyu na ajiya ba su da nauyi, da damina kuma laka mai yashi tana cinye su da saurin da ba a zato. Wayar giya guda ɗaya, da 'yan igiyoyin roba masu haƙora irin na masu gyaran wuta, da salatif da na naɗe a jikin famfo, da tsirin roba da aka yanko daga tsohon tif, su ne ragowar. Duk waɗannan da na lissafa tun daga farko suna shiga 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi da aljihun riga, in ban da tif na biyu da nake ɗaurewa a jikin keken.

Abubuwan da na bari a gida su ma suna da dalili. 'Yan kwalaben iska na ƙarfe da ake hura taya da su cikin daƙiƙa kaɗan sau ɗaya ake amfani da kowace, mai huji huɗu a rana guda kuwa ba zai iya da tsadarsu ba. Rigar ruwa daga Oktoba zuwa Mayu kaya ce kawai. Famfon da ake hura sifirin mai iska da shi kuwa aikin gida ne.

Sai dai keke ba shi kaɗai ke lalacewa a hanya ba. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a nan, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a waccan Asabar ba tayar ba ce, gorar ruwana ce da ta ƙare tun kafin in kai ƙauyen. Yanzu ina lissafa wa kaina kusan lita guda a kowace awa, in ƙara ta alwala, in kuma sa ƙunshin gishiri da sukari na kemis guda biyu, da dabino da ƙuliƙuli. Ina ɗaukar bandeji da filasta da maganin wanke ciwo, da hular kwano a kaina ko da yara za su yi ta dariya, da tocila idan fitar yamma ce. Kuɗi kuwa tsaba nake riƙewa, ƙananan canji, domin inda taya ke sacewa galibi nan ne sabis ke ɗaukewa, ba a maganar tura kuɗi ta waya. Duk mai ciwon suga ko hawan jini ya rubuta hakan a 'yar takarda tare da lambar wani nasa ya sa a aljihu.

Ba zan rufe ido ga halin da jiharmu ke ciki ba. Wuraren da suka fi dacewa da irin wannan keke, wato duwatsun da ke yammacin jihar wajen Batsari da Safana da gefen dajin Rugu, su ne waɗanda matsalar tsaro ta fi addaba shekara da shekaru, kuma babu motsa jikin da ya kai a sayar da rai saboda shi. Ko a nan gabas inda muke da sauƙi, baƙo sanye da hular kwano da baƙin tabarau da jaka a baya yana ratsa gonaki abin tuhuma ne ga mutanen da suka ga abin da suka gani. Don haka katin ɗan ƙasa yana cikin guzuri, musamman ga mai bin hanyoyin Mai'aduwa da Kwangwalam da Zango inda iyakar Nijar take kusa, haka ma rasidin keken ko hotonsa a waya. A gaya wa mutanen gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa, a fita mutum biyu ko fiye, idan an shiga ƙauye a sauka a cire tabarau a yi sallama, in da hali a gaida mai gari.

Roƙona ga 'yan kasuwarmu da ke shigo da waɗannan kekuna shi ne su riƙa haɗowa da tif na kowane girma da mahaɗin sarƙa da takalman birki, su daina sayar wa mutane doki babu linzami. Masu gyaran keke na cikin gari kuma, waɗanda da yawansu sun riga sun ƙware a kan giya, su taimaka wa 'yan'uwansu na karkara da sanin waɗannan ƙananan abubuwa, tunda kekunan sun fara isa ƙauyuka a hannun ɗalibai da malaman firamare.

Makonni uku bayan abin da ya same ni na sake bin waccan hanya tare da yaran, muka tsaya a gindin dalbejiyar. Na ba dattijon ɗan ƙarfen tagullar nan guda biyu, na nuna masa yadda ake warware notin siririn bawul kafin a ɗaura. Ya gwada a tayata, iska ta shiga, ya yi dariya har da tafawa, sannan ya zare zare daga bakin wani buhu ya ɗaure ɗaya a jikin famfonsa, ɗayan kuma ya ƙulle shi a cikin hularsa.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Daura, Jihar Katsina.